Yadda Za Ka Sa Wa Hedifon Ɗinka Makirufo Mai Cirewa

Tun ranar da aka ga hedifon ɗina da ɗan wuyan makirufo a gefe, wanda nake zarewa in jefa a aljihu in na gama kira, tambayar yadda na yi shi ba ta yanke ba. Masu koyarwa ta Zoom sun tambaya, masu wasan kwamfuta sun tambaya, har da wani da ke ɗaukar karatun littafi da muryarsa. Kukan kowa ɗaya ne: hedifon mai daɗin sauti ba shi da makirufo, wanda kuma ya zo da makirufo sautinsa kamar ana magana cikin gwangwani. To ga yadda ake yi, daga buɗewa har rufewa.

Kafin mu shiga, mu warware wani ruɗani na harshenmu. A nan idan na ce waya, siririyar wayar wuta nake nufi. Igiyar da ta tattara wayoyin zan kira ta kebul, ta kira kuma zan ce salula.

Mataki na 1: Duba irin hedifon ɗin da ke hannunka

Kada ka taɓa sukurdireba sai ka san gidan da naka ya faɗa, don wasu ba sa bukatar a buɗe su ko kaɗan.

Idan kebul ɗinsa na cirewa ne, kuma ramin da yake shiga na milimita 3.5 ne a kunne ɗaya, kamar Philips SHP9500, ka huta. Kebul mai wuyan makirufo kawai za ka saya, irin V-Moda BoomPro ko makamantansa marasa suna, ka zare tsohon ka soka sabon, ka tsallake zuwa mataki na 9. Sai dai ka duba bakin ramin. A wasu hedifon ramin ya nutse ciki, kafaɗar filogin ba ta shiga. Audio-Technica M40x da M50x kuwa raminsu na milimita 2.5 ne mai murɗawa ya kulle, sai da adafta.

Idan kebul ɗin a manne yake, yana shiga ta kunne ɗaya, kamar Sony MDR-7506 ko Beyerdynamic DT 770 Pro, kai ne wannan jagorar ta fi shafa. Soket za mu dasa a ƙoƙon kunnen, kebul ya koma na cirewa, makirufo ya biyo shi.

Idan kebul ya rabu biyu yana shiga kowane kunne, kamar Koss Porta Pro ko Sennheiser HD 600, shawarata ka bar huda. Sai ka ja sababbin wayoyi ta cikin bakan da ke kan kai kafin aikin ya yiwu, wahalar ta fi ribar. Sauka ƙasa zuwa hanyar maganaɗisu.

Gargaɗi: hedifon na Bluetooth akwai batirin litiyam a cikin ɗaya daga ƙoƙunansa. Ba a huda shi. Bakin dirila ya taɓa batirin nan, wuta ce. Idan yana da ramin kebul na milimita 3.5, soka kebul mai makirufo a nan. Sannan duk hedifon da garantinsa bai ƙare ba, ranar da ka huda shi garantin ya tafi.

Mataki na 2: Haɗa kayan aiki

Abin da za ka ajiye a kan tebur:

- Soket na milimita 3.5 mai ƙafa uku, mai wuyan noti da ake ɗaurewa a jikin akwati. Ƙirar PJ-392 ita aka fi samu. Sayi uku, don na farko sau da yawa koyo ake yi a kansa.
- Kebul mai wuyan makirufo.
- Ƙarfen solda mai siririn baki, wat 25 zuwa 40.
- Dalmar solda siririya, mai lamba 60/40 ko 63/37, da man solda na kayan lantarki.
- Mita mai auna om, wato juriyar waya ga wuta, mai yin ƙara in wayoyi biyu sun haɗu.
- Ƙananan sukurdireba, hantsaki, reza, ƙaramar filaya.
- Bakin dirila na milimita 2, 4 da 6.
- Robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, ƙarama, da salatif.

Maganar kuɗi. Soket da roba da dalma ƙananan kaya ne, soket ɗaya bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Inda kuɗin yake shi ne makirufon. A baya BoomPro na asali yana kaiwa wajen dala 30 a Amurka, Antlion ModMic kuma daga wajen dala 50 zuwa sama, ban da kuɗin kawowa. Marasa suna da ake odar su daga Sin ba su kai rabin haka ba, kuma don darasi da taro sun wadatar, sai dai ka yi haƙurin makonnin jira. A Kano, ƙarfen solda da mita da dalma ana samunsu a Farm Centre da Sabon Gari. Idan aikin nan kaɗai za ka yi, kada ka sayi ƙarfe da mita. Kai wa mai gyaran salula ko rediyo soket ɗinka, ka zauna kusa da shi ka nuna masa inda kowace waya za ta hau. Hannunsa ya fi naka sabawa, kai kuma ka fi shi sanin taswirar.

Gargaɗi: man solda na masu gyaran lagireto da famfo yana da asid. Zai kama yau, bayan 'yan watanni ya cinye wayar ta yi kore. Kada ya kusanci hedifon.

Mataki na 3: Karanta bakin filogi

Wannan ne abin da in ka gane shi sauran aikin ya zama wasa. Ɗauki filogin hedifon ka ƙirga baƙaƙen layukan da suka zagaye shi.

Layi biyu na nufin gaɓa uku, ana kiransa TRS. Tsini kunnen hagu ne, zoben tsakiya kunnen dama, gindi kuma wayar da kunnuwan biyu ke tarayya a kanta, wadda masu gyara ke ce wa giraun.

Layi uku na nufin gaɓa huɗu, TRRS. A tsarin CTIA, wanda salula da laftof na yanzu da rimot ɗin PlayStation da Xbox ke bi, tsini hagu, zobe na farko dama, zobe na biyu giraun, gindi makirufo. Tsofaffin Nokia da Sony Ericsson suna bin tsarin OMTP, inda giraun da makirufo suka yi musayar wuri.

Yanzu dubi kebul mai wuyan makirufo. Kan da ke shiga salula gaɓa huɗu ne, amma kan da ke shiga hedifon gaɓa uku ne kacal. Muryarka ba ta ratsa cikin hedifon ko kaɗan. Makirufon yana zaune ne a kafaɗar filogin, wayarsa ta bi kebul ta sauka kai tsaye. Hedifon mariƙi ne kawai. Shi ya sa soket mai ƙafa uku ya isa, kuma shi ya sa nake fifita wannan hanyar: wayoyi uku za ka haɗa, ba ƙari.

Mataki na 4: Buɗe ƙoƙon kunne

Shimfiɗa farin ƙyalle ko faranti, don notinan hedifon ƙanana ne kuma ba sa jin kira in sun faɗi ƙasa. Zare katifar kunnen da kebul ke shiga, galibi na hagu. Wasu janyewa ake yi daga leɓen da suka maƙale, wasu murɗawa. A ƙarƙashi za ka tarar da noti uku ko huɗu, wani lokaci a ɓoye bayan soso ko takarda. DT 770 ba noti ne ke riƙe da sifikarsa ba, zoben roba ne da ake ɓantarowa a hankali.

Ɗaga farantin sifikar kamar kana buɗe littafi, kada ka fizge. Wayoyin da ke bayansa gajeru ne. Da ya buɗe, ɗauki hoto da salula, kusa-kusa, ta ɓangare biyu ko uku, yadda launin kowace waya da inda ta sauka za su fito.

Gargaɗi: kada yatsanka ya taɓa tantanin da ke fuskar sifika. Ya fi ledar burodi laushi, in ya loɓa sautin ya canza ke nan.

Mataki na 5: Yanke kebul, ka gano wace ce wace

A nan ne mutane suka fi yin ɓarna, ni ma a nan na yi tawa. Hankali yana ba ka cewa ka narkar da tsofaffin wayoyin daga bayan sifika ka sa sababbi. Haka na yi a hedifon na farko. Dalmar ta ƙi narkewa, na danne ƙarfen ina jira, ban ankara ba ɗan allon da wayoyin ke hawa ya ɗago, wayar koyil da ke ƙarƙashinsa, wadda ta fi gashin kai siranta, ta tsinke. Kunnen hagu bai sake tari ba har yau.

Don haka bar bayan sifika yadda masana'anta ta bar shi. Yanke kebul ɗin daga waje, ka bar kamar santimita 6 zuwa 8 a jikin hedifon, ka jawo wannan guntun ciki. Feɗe rigar waje da reza a hankali. Za ka ga wayoyi uku ko huɗu da ɗan zare fari a tsakiya. Zaren na ƙarfafa kebul ne, yanke shi.

A mafi yawan hedifon, wayoyin ba su da rigar roba. Fenti ne a jikinsu, ja, kore ko shuɗi, da mai ruwan tagulla. Wannan fentin shi ne rigar, kuma muddin yana nan mita ba za ta karanta komai ba, dalma ma ba za ta kama ba. Yadda ake cire shi: narkar da ɗigon dalma a bakin ƙarfe, shafa wa bakin wayar man solda, ka tsoma milimita 2 ko 3 na bakinta cikin ɗigon. Za ka ga ɗan hayaƙi, bayan daƙiƙa uku zuwa biyar ta fito fara sol kamar azurfa. Idan ƙarfenka mai saiti ne, sa shi wajen digiri 370. Wasu suna ƙona fentin da laita. Yana yi, amma yana barin baƙin toka, kuma wutar tana gudu ta cinye fiye da inda ka so.

Yi wa ɓangaren kebul ɗin da ka yanke haka shi ma, don shi zai faɗa maka gaskiya. Sa mita a kan ƙara, ɗora tsinke ɗaya a tsinin filogi, ɗayan ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi ƙara ita ce hagu. Zobe ya nuna maka dama, gindi ya nuna giraun. A al'ada ja dama ce, kore ko shuɗi hagu, tagulla giraun, amma na ga wanda ya saɓa, don haka rubuta abin da mita ta ce. In wayoyi huɗu ne, biyu za su yi ƙara a gindi, duk giraun ne, wuri ɗaya za su hau.

Ka tabbatar ta ɓangaren hedifon kuma. Mayar da mita kan om. Hagu da giraun za su ba ka kusan adadin da aka rubuta a kwali, misali 32, ko 63 a MDR-7506. Dama da giraun haka. Hagu da dama kuma ninki biyu. Idan lissafin ya fita haka, ba ka ɓata komai ba.

Mataki na 6: Zaɓi wuri ka huda

Wuri mafi sauƙi shi ne ramin da tsohon kebul ya fito. Cire robar da ke riƙe da shi, ka ga ko faɗaɗa shi kawai za ka yi. Kafin nan gwada abu huɗu, da soket a hannu, ba a ka ba.

Jikin soket yana da wurin zama a ciki in an mayar da sifika? Sa shi a wurin, ɗora farantin a kai, ka ji ko ya zauna daram. Bangon ƙoƙon bai fi wuyan soket kauri ba? Wuyan gajere ne, in bangon ya yi kauri notin ba zai kama ba, sai ka ɗan rage kaurin daga ciki. Gwafar da ke riƙe da ƙoƙon ba za ta daki filogi ba in kunnen ya juya? Sannan ina filogin zai kalla? Ƙasa, ya ɗan karkato gaba, shi ne daidai. In ya kalli baya wuyan makirufon ba zai iso baki ba, kebul kuma zai dinga gogar kafaɗarka, kana jin ƙarar a kunne.

Rufe sifikar da leda ko takarda ka manne da salatif, ka kawar da wayoyi gefe. Fara da bakin milimita 2, sannan 4, sannan 6. A jikin roba ba ka bukatar injin ma. Riƙe bakin dirilar da filaya ka murza da hannu, ya fi ba ka iko, don injin yana iya cafkar robar ya tsaga ta. Goge bakin ramin da reza, ka hure garin tas.

Gargaɗi: idan ƙoƙon ƙarfe ne, garin da ya zuba maganaɗisun sifika zai jawo shi, ya maƙale a ciki yana ƙirr duk sanda ganga ta buga. Nisanta sifikar iya tsawon wayoyinta, ka nannaɗe ta sosai. Huda roba da bakin ƙarfen solda mai zafi kuma, kamar yadda ake yi a wasu shaguna, ramin ba ya fita daidai, gefensa yana kumbura, notin ya zauna a karkace.

Mataki na 7: Solda

Ƙafafun soket ba su da rubutu, kuma jerinsu ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira. Soka tsohon filogin nan da ka yanke a cikin soket, ka auna daga wayar da ka riga ka san sunanta zuwa kowace ƙafa. Yi wa ƙafafun alama. Idan soket ɗinka mai ƙafa biyar ne, biyun da suka rage na makunni ne, ba su da aiki a nan.

Bar filogin a ciki yayin da kake solda. Yana riƙe ƙarafan ciki a wurinsu in robar ta ɗan yi laushi, yana kuma shan zafi. Zura guntun roba mai tsukewa a kowace waya tun yanzu. Kowa yana mantawa da wannan sau ɗaya.

Sa wa kowace ƙafa ɗan dalma tukuna. Sannan kawo bakin wayar da ka riga ka yi wa fari, ɗora a kai, taɓa da ƙarfe daƙiƙa biyu ko uku, ɗauke ƙarfen, ka riƙe wayar ba motsi har ta daskare. Haɗi mai kyau yana sheƙi, ya kwanta lif. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo ko ya yi dishi-dishi bai kama ba, ƙara man solda ka sake. Idan ya ƙi a karo na farko, bari ya huce kafin ka koma. Jawo robar ta rufe ƙafar, ka tsuke ta da zafin gefen ƙarfe.

Lura da ƙirar soket ɗinka kafin ka fara. Irin PJ-392 daga ciki yake shiga, wuyansa ya leƙo waje, noti ya kama daga waje, don haka za ka iya solda a sarari sannan ka dasa. Akwai masu shiga daga waje, su sai ka fara zura wayoyin ta cikin notin da ramin.

Gargaɗi: dalmar 60/40 tana da gubar dalma. Kada ka riƙe ta da haƙori kamar yadda za ka ga wasu masu gyara na yi in hannu ya ƙare. Buɗe taga, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci. Kuma kada ka fara wannan matakin in wuta tana rawa. Ƙarfe mai ɗumi-ɗumi ya fi mai zafi ɓarna, don shi ke sa ka daɗe a kan haɗi.

Mataki na 8: Gwada kafin ka rufe

Auna tsakanin kowace ƙafa biyu ka tabbatar adadin mataki na 5 ne ke fitowa. Sifili na nufin dalma ta haɗe ƙafa biyu. Sannan soka kebul, rage ƙara, ka kunna bidiyon gwajin hagu da dama, suna nan birjik a YouTube. Murɗa filogin, ka girgiza shi, ka ji ko sauti yana yankewa.

In komai lafiya, dasa soket, ɗaure notin da filaya har ya tsaya, ban da ƙarfin tuwo. Ɗan ɗigon gam a bayan soket daga ciki yana hana shi juyawa. Ban da sufa gulu, tururinsa yana bin roba ya bar farin tabo, kuma ba abin da kake so kusa da tantanin sifika ba ne. A hedifon mai rufaffen baya, toshe duk wata kafa da ta rage a gefen ramin, in ba haka ba kunne ɗaya zai fi ɗaya nauyin ganga. Kwantar da wayoyi inda noti ba zai danne su ba, mayar da soso yadda hoto ya nuna, ka rufe.

Mataki na 9: Haɗa da na'ura, ka saita

Salula mai rami, laftof mai rami ɗaya da rimot ɗin wasa, kai tsaye ake sokawa. Kwamfutar tebur mai rami biyu tana bukatar kebul mai rassa biyu: kore na kunne, ruwan hoda na makirufo. BoomPro yana zuwa da nasa. Salula marar rami, irin iPhone daga na 7 zuwa sama da Android da yawa na yanzu, sai da adafta, kuma ka tambayi mai shago a gwada maka kira a gabanka, don akwai masu fitar da sauti kawai ba sa ɗaukar murya.

Irin wannan makirufon yana cin 'yar wuta, bolt 2 zuwa 5, daga ramin da aka soka shi. Ramin amfilifaya ko na miksa galibi ba ya ba da ita, don haka in ka ji shiru a can ba lalacewa ya yi ba.

A Windows, in akwati ya fito yana tambayar abin da ka soka, zaɓi "Headset". In ka zaɓi "Headphone" kwamfutar za ta ci gaba da amfani da makirufon jikinta, kai kana zaton sabon ne. Hanyar ganewa: ƙwanƙwasa kan makirufon da farce ka ga ko ma'aunin ya motsa. "Microphone Boost" kuma bar shi a +10, in ya matsa +20. A +30 shuuu ɗin ya fi muryar.

Lanƙwasa wuyan ya tsaya a gefen baki, tazarar yatsa biyu, ba gaban leɓe ba. A gaba, duk "b" da "f" sai sun buga kamar iska a kunnen mai saurare. Kada ka cire soson kansa. In makirufon mai fuska ɗaya ne, akwai alama ko ramuka a gefen da ya kamata ya kalli bakinka.

Idan ba ka samu kebul mai wuya ba: soket biyu

Wani lokaci abin da ke kasuwa shi ne guntun wuyan makirufo shi kaɗai, irin wanda ake cirewa daga hedifon na 'yan wasa. Yana yi, amma aikin ya ƙaru. Za ka dasa soket biyu: babba mai ƙafa huɗu a ƙasa don kebul, na biyu a gaban ƙoƙon don makirufo. Hagu da dama da giraun suna hawa tsini da zobe na farko da zobe na biyu na babban soket. Daga soket ɗin makirufo, ja waya daga tsini zuwa gindin babban soket, wata daga gindinsa zuwa zobe na biyu. Murɗa wayoyin nan biyu da juna kamar igiya, ka gajarta su. Kebul ɗinka kuma dole ya zama mai gaɓa huɗu a kai biyun.

Auna guntun kafin ka haɗa, don ba duka ke bin tsini da gindi ba. Gaɓoɓi biyun da suka ba ka wajen om 1,000 zuwa 2,000 da ɗoriya su ne na makirufo. Wasu kuma suna da kafaɗar roba da aka sassaƙa don hedifon ɗinsu na asali, sai ka fere ta da reza kafin filogin ya shige duka.

Gargaɗi: a soket mai ƙafa huɗu, wuyan ƙarfen da noti ke kamawa yakan zama shi ne gindi, wato layin makirufo. A ƙoƙon ƙarfe wannan gunji ne tsagwaronsa, sai ka raba su da zoben roba. Kuma da yake murya da sauti suna tarayya a giraun ɗaya tun daga kunne har salula, kebul mai araha yana sa abokin maganarka ya dinga jin muryarsa tana dawo masa. Gajeren kebul mai kauri yana rage wannan.

Hanyar maganaɗisu, ba huda ba solda

ModMic haka yake aiki: ɗan gindi mai gam a jikin ƙoƙon, wuyan makirufo ya manne masa da maganaɗisu, da kebul ɗinsa daban. Za ka iya yin naka da makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga. Yanko wayar wutar gida mai tagulla ɗaya mai kauri, kamar santimita 15, kwantar da kebul ɗin makirufon a jikinta, ka zura su cikin roba mai tsukewa. Wuya ya samu, mai lanƙwasuwa ya tsaya inda ka bar shi.

Nemi ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi guda huɗu, biyu a ƙoƙo, biyu a gindin wuyan. Da guda ɗaya wuyan zai dinga juyawa yana sauka haɓa. Haɗa su tukuna ka yi wa fuskokin alama, don in ka manne ɗaya a juye tunkuɗa za su yi. Goge wurin da sifirit, ka yi amfani da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ka bar shi ya kwana. Salatif mai fuska biyu yana riƙewa da sanyi, amma zafin Afrilu yana sa shi zamewa. Gam na bindiga kuma zafinsa yana iya rage wa irin wannan maganaɗisun ƙarfi, don sama da digiri 80 ba ya jurewa. Ɗaure kebul biyun tare duk bayan taƙi ɗaya. A salula za ka bukaci mai rassa biyu da ke haɗa su zuwa filogi ɗaya mai gaɓa huɗu, kuma reshen makirufo filogi mai gaɓa uku yake jira.

Gargaɗi: ɓoye maganaɗisun nan daga yara. Yaro ya haɗiye biyu, suna kama juna ta cikin hanji, maganar tiyata ce.

In wani abu ya ƙi

Sauti ya yi nisa, kiɗa na fita amma muryar mawaƙi ta ɓace: giraun bai kama ba, ko filogi bai shige duka ba, ko ka haɗa CTIA da OMTP. Fara da danna filogin.

Gunji mai kauri da ke ɓacewa in ka zare cajar laftof: daga wuta ne, ya fi yawa a kan janareta da caja marar at, wato marar ƙafar da ke kai wuta ƙasa. Ƙaramin katin sauti na USB sau da yawa yana rage shi, in bai yi ba ka yi taron a kan batir.

Salula tana tsayar da waƙa ko tana kiran mataimakin murya da kanta: layin makirufo yana taɓa giraun. Android tana ɗaukar hakan a matsayin an danna maɓalli. Buɗe ka duba ƙafafun soket, galibi gashin waya ɗaya ne ya tsallaka.

Ka zare wuyan makirufo a hanyar soket biyu, aka kira ka ba a jin ka: wasu salular suna ci gaba da jiran murya daga kebul. Zare filogin daga salula ka mayar, ko ka ajiye kebul mai gaɓa uku don ranakun sauraro kawai. Tsohon kebul ɗin da ka yanke a mataki na 5 ya isa wannan, sabon filogi kawai za ka sa masa a ɗaya bakin, kuma launukansa suna nan a takardar da ka rubuta.